Ƙafafun matan gidanmu

Assalamu alaikum. An haife ni a 1988 a unguwar Birni ta Damagaram, cikin wani gidan ƙasa da ke lungu, ba nisa da fadar Sarki. Mu uku Innarmu ta haifa, duka mata, kuma babu wadda ƙafarta ta miƙe. Ni da Yayata ƙafar baka, autarmu gwame. In mun jero za mu makarantar allo, yaran lungu su bi bayanmu suna kwaikwayon tafiyar agwagwa. Yayata ta juya ta jefe su, ni kuwa in sunkuyar da kai in ƙara sauri, saurin kuma ya ƙara fito da tafiyar.

Babanmu baduku ne. Gajere ne, shi ma ƙafafunsa a lanƙwashe suke, amma wa ke kallon ƙafar namiji cikin babbar riga? Yini yake a zaure a tanƙwashe da fata da basilla, ba ya tashi sai salla. Gwaggonmu, yayarsa, tana da labarin da take bayarwa duk sanda zancen ya taso: wai jaki ya kayar da shi yana yaro a hanyar Mirriya. Shi ke nan, nasa ya samu dalili. Namu kuwa aka ɗora wa Inna. Wata ta ce nononta ne ba shi da kyau, wata ta ce ta cika goyonmu da wuri, wata ta ce ta je rijiya da almuru da ciki ta tsallake abin da ba a tsallakewa. An kai mu wurin maɗori ya ɗaure mana ƙafafu da kara. An binne mu cikin rairayi har ƙugu da sassafe. Wanzami ya yi mini tsaga a gwiwoyi, tabon yana nan har yau. Rubutu kuwa mun sha har ba na iya ƙirgawa.

Ina shekara tara dangi suka matsa wa Baba ya ƙara aure. Amarya ta haifi maza biyu a jere, miƙaƙƙu kamar kara. Ranar sunan na biyu na ji Gwaggo da kunnena tana cewa, "To ga shi nan. In da gado ne, me ya hana ya kama waɗannan?" Inna tana tsaye tana kwashe tuwon suna, ba ta ko ɗaga kai ba. Ni ma na yarda da maganar Gwaggo a ranar. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo in na tuna: na yi shekaru ina jin haushin uwata a ɓoye, ina ganin ita ta yi mana.

Bayan ƙafa akwai haƙori. Haƙorana farare tas, babu tsutsa, amma sai dasashi ya kumbura ya tara ruwa, kunci ya tashi kamar na sa goro a baki. Kafin in gama lise an cire mini guda huɗu. Ban taɓa kawo wa raina cewa ciwon baki da na ƙafa tushensu ɗaya ba. Baba ma bai kai hamsin ba ya koma cin tuwo da dasashi, daga baya ji ya ragu, bayansa ya sandare har ruku'u ya gagare shi.

Karatu ya zama mafakata, don a kan benci babu mai ganin tafiyarka. Na zama malamar lakwal, na yi aure a 2011. Maigidana ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, mutum mai sauƙin kai. Mahaifiyarsa dai ta ce masa ya duba da kyau, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ce ya duba. Ɗan farinmu ya zo a 2012, da tiyata aka ciro shi saboda ƙuguna, ya tashi lafiya lau, ƙafafu miƙe. Na yi ajiyar zuciya, na ce abin ya tsaya a kaina.

A 2015 na haifi mace. Ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara ɗaya da rabi, kuma da ta fara, na gane tafiyar tun daga ƙofar ɗaki. Tawa ce. Na shiga bayan gida na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. A asibitin unguwa aka ce ƙarancin bitamin D ne, aka ba mu na ɗigawa, aka ce a riƙa fitar da ita rana. Rana a Damagaram! Na yi dariya a zuci, amma na bi. Shekara guda cur muna ba ta, ƙafa sai ƙara buɗewa take. An ɗebi jininta sau ɗaya, aka ce komai daidai. A cikin wannan tsakanin Baba ya rasu, a 2016. Surukata ba ta faɗa mini baƙar magana ba, Allah ya saka mata, amma ta fara aiko da madarar gwangwani tana cewa a rage ba yarinyar nonona. Na san wannan waƙar.

A 2018 wata abokiyar aikina ta tura ni wurin wani likitan yara. Ya duba yarinyar, ya matsa wuyan hannunta da ya yi kauri, ya sa tef ya auna ratar da ke tsakanin gwiwoyinta. Sai ya ɗago ya ce, "Malama, tashi ki je ƙofa ki dawo." Kunya ta kama ni, na tashi na yi. Ya tambaye ni haƙorana, ya tambayi Inna, ya tambayi Baba. Na ba shi labarin jaki. Ya ce, "Ƴaƴansa mata nawa, maza nawa? Su wa abin ya kama?" Da na faɗa masa, sai ya ajiye biro ya jingina da kujera. Ya karɓi tsohuwar takardar gwajin jinin da aka ce daidai take, ya sa yatsa a kan layi ɗaya: fosfat, 0.85. Ya ce ma'aunin da aka buga a gefen takardar na manya ne, wanda yakan kama daga 0.8 zuwa kusan 1.5. Yaro mai girma yana buƙatar fiye da haka sosai, don ƙashi yake ginawa. Abin da ya isa babba, ga ƴar shekara uku yunwa ce.

Ya tura mu Yamai. Kusan kilomita 900, yini guda a cikin kar da yarinya a cinya, gwiwoyina suna zafi kamar an zuba musu barkono. Can aka ɗebi jini da fitsari a safiya ɗaya, nata da nawa, aka ɗauki hoton ƙafafunta. Kalsiyam daidai, bitamin D daidai, fosfat a ƙasa cikin jini, ga shi kuma jingim cikin fitsari. Likitar da ta karɓe mu, mace ce mai haƙuri, ta zana mini abin a bayan takarda. Sau uku na sa ta maimaita, ina rubutawa kamar ɗaliba. Zan faɗe shi yadda na fahimta, don shi ne ya sauke mini kayan shekara talatin.

Ƙashi da kalsiyam da fosfat ake gina shi, kamar siminti da rairayi. Kusan kashi 85 cikin ɗari na fosfat ɗin jikin mutum a ƙashi da haƙori yake. Wanda ke yawo cikin jini kuwa, ƙoda ce ke yanke hukuncin nawa zai zauna. Kowace ƙoda tana da ƴan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma a yini ƙodar biyu a haɗe suna tace ruwan jini wajen lita 180. Da ta faɗi haka sai na lissafa da jarkar lita 20: jarka tara! Mu da ke kwana a layin famfo muna jiran ɗan garuwa, wannan lissafi ya ba ni tsoro. Ta ce ai ba zubarwa ake ba. Ƙoda tana yi kamar mace mai tsintar wake, ta juye duka a faifai, sannan ta tsince mai kyau ta mayar, ta bar tsakuwa. Abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Fosfat ma haka, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ana mayar da shi jini, galibi a farkon ɗan bututun da ke bin kowace matata. Ƙwayoyin halittar da ke jikin bututun suna da ƴan ƙofofi a fuskarsu, masana suna kiran su NaPi-IIa da NaPi-IIc, su ke jawo fosfat ciki tare da gishirin sodiyam. In ƙofofin suna da yawa, fosfat ya zauna. In sun yi kaɗan, ya bi fitsari.

Su kuma ƙofofin ba su da ikon kansu, umarni suke bi. Saƙon yana zuwa ta jini, abin da ake kira homon. Ɗaya daga wuya yake fitowa, ɗaya kuma daga cikin ƙashin kansa, sunansa FGF23, wanda sai a 2000 aka gano shi. Aikinsa mai kyau ne ga mai lafiya: in fosfat ya yi yawa, ƙashi ya aika wa ƙoda cewa a rage ƙofofi. Saƙon ba ya ma shiga sai ya sami wani mataimaki a jikin ƙwayar ƙoda da ake kira Klotho. Mu namu, wani ɗan sashe na gado mai suna PHEX ne ya samu tangarɗa, sai ƙashi ke ta aika saƙon dare da rana, ko da jini ya bushe da fosfat. Ƙodarmu lafiyarta ƙalau. Biyayya kawai take yi ga umarnin da bai kamata a ba ta ba. Kuma saƙon bai tsaya nan ba, yana hana ƙoda juya bitamin D zuwa nau'in da ke aiki, yana kuma hanzarta lalata wanda aka riga aka yi. Shi ya sa shekara guda ta ɗigawa da shanya yarinya a rana ba ta yi komai ba.

Na tambaye ta ko za a auna FGF23 ɗin. Ta ce sai an aika jinin waje, da tsada, kuma labarin gidanmu ya riga ya yi magana. Sai ta zana X biyu na mace, da X da Y na namiji, wato ƙunshin gadon da ke bambanta mace da namiji. PHEX a kan X yake zaune. Namiji X ɗaya gare shi, kuma shi yake ba kowace ƴarsa mace, ɗansa namiji kuwa Y yake ba shi. Saboda haka uba mai wannan ciwo, duk ƴaƴansa mata za su ɗauka, ko ɗaya cikin maza ba zai ɗauka ba. Uwa mai shi kuwa, kowane ciki rabi da rabi ne, mace ko namiji.

Ban ji sauran maganarta ba. Ina kallon takardar, ina ganin Inna tana kwashe tuwon suna. Hujjar da Gwaggo ta kafa a kanta, maza biyu miƙaƙƙu, ita ce ainihin shaidar cewa daga Baba abin ya fito. Da amarya ta haifi mace, da ita ma ta zo da ƙafarmu.

Da muka dawo na je Birni da daddare. Na sami Inna tana jan tasbaha, na zauna a bakin tabarma na yi mata bayani da tsinken tsintsiya a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Kakarku ta wajen uba, ban riske ta ba, amma an ce gajeriya ce, tana tafiya tana rangaji." Na ce, "Inna, gobe zan je wurin Gwaggo." Ta riƙe hannuna. "Ba za ki je ba. Mutumin yana kabari, kada a ce mun ɗora masa. Shi ma ba shi ya yi wa kansa ba." Na ce shekara talatin fa ana zaginki. Ta ce, "Ke kin sani yanzu?" Na ce na sani. Ta ce ya ishe ta. Na nemi gafararta a kan haushin da na riƙe, ta ce ta daɗe da sanin ina riƙe da shi. Ban je wurin Gwaggo ba har ta rasu. Har yau wani sashe na zuciyata yana ganin da na je, ba na ɓoye wannan.

Magani kuwa aiki ne na kullum. Ruwan fosfat ake ɗigawa a cokali, sau huɗu ko biyar a yini, don tulu mai yoyo ake cikawa: ka zuba yanzu, bayan ƴan sa'o'i ya tsiyaye. Ɗanɗanonsa ba daɗi, yana sa zawo da farko. Ba a haɗa shi da nono ko madara, don kalsiyam ɗin ciki yana kama shi a hanji ya hana shi shiga jini, sai na raba lokacin fura da lokacin magani, abin da kakanninta suka ɗauka tsabar iyayi ne irin na ƴan boko. Ana haɗa shi da bitamin D wanda aka riga aka juya, tunda ƙodarta ba ta yi da kanta. Ga gwajin jini da fitsari kowane ƴan watanni, ga hoton ƙoda, domin in maganin ya yi yawa kalsiyam yana taruwa a cikinta. Da zafin watan Afrilu ina bin ta da moɗa kamar mai bin bashi. Rabin albashina a nan yake tafiya, maigida ya ɗauki sauran ba tare da ya taɓa yi mini gori ba.

Cikin na uku ya zo ban shirya ba. Wata tara ina lissafin rabi da rabi. Na haifi namiji a 2019, surukata ta yi guɗa ta ce an tsira, tunda ciwon mata ne. Ban ce komai ba. Yana ɗan watanni muka kai shi gwaji, ya fito da shi. Na yi kuka, amma wani kuka daban, don wannan karon na san sunan abin kuma na riga shi isa. An fara masa magani tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Daga shi na ce wa maigida ina so mu dakata da haihuwa. Ya yi kwana biyu bai ce uffan ba, a na uku ya ce Allah ya raya mana waɗanda ya ba mu.

Lokaci mafi tsanani ya zo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakoki. Kano da ke kusa da mu fiye da Yamai ta zama kamar wata duniya. Bitamin D mai aikin ya ƙare a duk inda na sani, ya rage mini kwalaben fosfat biyu. Na ce ai rabin magani ya fi babu. Na kira likitar, ta ce, "Malama, kada ki ba su shi kaɗai." Ta tuna mini da ɗaya saƙon, na wuya. Akwai ƴan ƙululu huɗu a bayan maƙogwaro, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, masu fitar da homon da ake kira PTH. Su kalsiyam suke gadi. In ka ɗura fosfat shi kaɗai, kalsiyam na jini ya ɗan sauka, su farka su saki PTH, shi kuma ya je ƙashi ya kwaso kalsiyam, ya je ƙoda ya sa ƙwayoyin su janye ƙofofin fosfat ciki su narkar da su. Wato ka zuba ruwa a tulu, ka kuma ƙara huda shi. In aka daɗe a haka, ƙululun suna girma su ƙi tsayawa, har sai an yi tiyata.

Na ji, na ce to. Amma da yarinyar ta fara kukan ƙafa da dare, na ba su a ɓoye har kwana shida. A na bakwai na tsaya da cokali a hannu, na tuna maɗori da karansa, na tuna wanzami. Su ma ai don kada a zauna haka nan suka yi. Na mayar da murfin kwalbar, na sa ta cikin akwati na kulle, na ba maigida makullin. Mun yi kusan wata biyu ba magani, ina ba su wake da gyaɗa da ƙwai da kifi busasshe, ko da na san abinci kaɗai ba ya toshe yoyon. Daga baya wani ɗan uwan maigida ya samo mana ta hannun matafiyi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Na san akwai allura mai suna burosumab da aka amince da ita a Turai da Amurka tun 2018. Ita tana kama FGF23 ɗin ne a cikin jini kafin ya kai ƙoda, ana yi wa yara duk mako biyu, ba cokali biyar a yini. Kuɗinta na shekara guda ya fi abin da zan samu a shekaru masu yawa na koyarwa. Wani dare nakan buɗe waya in karanta labarinta, in kashe in kwanta.

Ni kaina ƙashina ya riga ya daskare yadda yake. Gwiwoyi da ƙugu suna ciwo, da sanyin hunturu sai na dafa bango nake tashi, a aji kuma yawanci a zaune nake koyarwa. Yayata ta kai ƴaƴanta gwaji bayan na matsa mata, biyu cikin biyar suka fito da shi. Autarmu har yanzu tana cewa sai ta yi shawara da mijinta. A lakwal, in na ga yaro gajere mai tafiyar rangaji, nakan aika a kira uwarsa, in tambaye ta haƙoransa, in tambayi ƙafafun mutanen gidansu, in ce in za a gwada jini ta roƙa a duba fosfat da ma'aunin yara. Yawancinsu ƙarancin kalsiyam ne ko na bitamin D, wanda ke warkewa da sauƙi. Sau ɗaya dai na ci karo da irin namu.

Ƙaramin yana buga ƙwallo a lungu, in ba ka sani ba ba za ka gane ba, sai dai gajere ne. Yarinyar kuwa ƙafarta ta miƙe sosai amma ba duka ba, likita ya ce a jira a gani ko za ta buƙaci ƙaramar tiyata a gwiwa kafin girmanta ya tsaya. Kowane farkon wata ina tsayar da ita jikin bango, idon sawu a haɗe, in sa tef ɗin tela tsakanin gwiwoyinta, in rubuta a bayan ƙyauren ɗaki. Kwanan baya ina cikin aunawa ta ce, "Mama, ni ma ƴaƴana za su yi?" Inna tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale, na ga hannunta ya tsaya. Na ce wa yarinyar ta ɗauko mini tsinken tsintsiya, muka tsuguna a ƙasa, na zana mata X biyu.